Kwaidan da Masu Sharhi: Fim Ɗin da Aka Daɗe Ana Yi wa Hukunci Gunduwa-Gunduwa

Fim ɗin Kwaidan, wanda daraktan ƙasar Japan Masaki Kobayashi ya fitar a ƙarshen shekarar 1964, yana cikin ’yan tsirarun finafinan ban tsoro da masu sharhi suka yarda su shigar da su sahun manyan ayyukan fasaha, sai dai tarihin wannan yabo bai miƙe kamar yadda ake zato ba, domin mutanen da suka rubuta ra’ayinsu a kansa cikin shekaru masu yawa ba abu ɗaya suka kalla ba. A Tokyo an nuna shi da tsawon minti 183, a bikin finafinai na Cannes da ke Faransa an rage shi zuwa minti 161, a gidajen sinima na Amurka kuwa ya koma minti 125 bayan an zare labari guda sukutum daga cikinsa. Abin da ya sa aka iya yi masa wannan aski ba tare da ’yan kallo sun farga ba shi ne irin ginin da aka yi masa, domin Kwaidan fim ne mai tarin labarai, wato fim ɗaya da ya ƙunshi gajerun labarai masu zaman kansu, kowanne da ’yan wasansa da mafarinsa da ƙarshensa, waɗanda jigo da hannun mai tsarawa kaɗai suka haɗa su. Irin wannan gini yana sauƙaƙa wa ɗan kasuwa ya yanke abin da ya ga dama, yana kuma jan mai sharhi ya jera labaran daga wanda ya fi kyau zuwa wanda ya fi rauni, har ya manta ya tambayi abin da suke faɗa idan aka saurare su tare. Duk waɗannan abubuwa biyu sun faɗa wa Kwaidan, kuma sun yi tasiri a kan abin da aka riƙa faɗa game da shi.

Lokacin da Kobayashi ya tunkari wannan aiki, ba a san shi da labaran fatalwa ba. An haife shi a garin Otaru da ke tsibirin Hokkaido a 1916, ya karanci tarihin zane-zane da sassaƙa na gabashin Asiya a Jami’ar Waseda, sannan aka tilasta masa shiga soja a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka tura shi Manchuria, inda ya ƙi karɓar ƙarin girma saboda ƙyamar da yake yi wa yaƙin, ya kuma ƙare a matsayin fursunan yaƙi a Okinawa. Sunan da ya yi bayan haka ya samo asali ne daga finafinai masu tuhumar hukuma da zaluncin manya, musamman The Human Condition, wanda ya fito kashi-kashi tsakanin 1959 da 1961 kuma tsawonsa ya haura awa tara, da Harakiri na 1962, wanda ya tona asirin munafuncin da ke ƙarƙashin ƙa’idojin girma na samurai, wato barorin sarakunan gargajiya masu ɗauke da takobi. Harakiri ya ci lambar yabo ta musamman ta alƙalai a Cannes a 1963. Saboda haka da aka ji cewa mutumin da ya yi waɗannan ayyuka zai yi fim ɗinsa na farko mai launi, kuma a kan fatalwowi, tambayar da ta fara tasowa ita ce ko ya sauka daga layinsa ne.

Tambayar tana da dalili idan aka dubi matsayin da labaran fatalwa, waɗanda Japanawa ke kira kaidan, suke da shi a kasuwar finafinai ta lokacin. Al’adar ƙasar ta ɗora waɗannan labarai a kan lokacin zafi, musamman kusa da bikin Obon da ake tunawa da matattu, kuma kamfanoni sun saba fitar da su da kuɗi kaɗan domin su cike gurbi a jadawalin sinima, ko da yake daga cikinsu an samu ayyuka masu daraja irin na Nobuo Nakagawa, wanda ya mayar da tsohon wasan kwaikwayon Yotsuya Kaidan fim a 1959. Su kansu labaran sun daɗe da saba wa zama a tare, domin tun zamanin Edo, wanda ya faro a 1603 ya ƙare a 1868, akwai wata hira ta dare da ake kunna fitilu 100, duk wanda ya ba da labarin ban tsoro sai ya kashe fitila ɗaya, duhu na ƙaruwa labari bayan labari. A wannan al’ada tsoron yana taruwa ne sannu a hankali, ba labari guda ke ɗauke da shi ba, kuma wannan ya dace mai sharhi ya riƙe a zuciya kafin ya ɗauki sikeli ya auna kowane labari shi kaɗai.

Labarai huɗun da ke cikin Kwaidan an ɗauko su ne daga rubuce-rubucen Lafcadio Hearn, marubucin da aka haifa a wani tsibiri na Girka a 1850, mahaifinsa ɗan Ailan, mahaifiyarsa ’yar Girka, wanda ya yi aikin jarida a Amurka kafin ya isa Japan a 1890, ya auri Setsu Koizumi, ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa da sunan Yakumo Koizumi. Da yawa daga labaran da ya rubuta da Turanci daga bakin matarsa ya ji su, kuma littafin da fim ɗin ya ari sunansa ya fito ne a 1904, shekarar da Hearn ya rasu. Biyu ne kawai daga labaran fim ɗin suke cikin wannan littafi, sauran biyun daga wasu littattafansa na 1900 da 1902 aka ɗebo su, marubuciya Yoko Mizuki kuma ita ta tsara su zuwa rubutun fim. Kamfanin da ya ɗauki nauyi, Ninjin Club, ƙarami ne mai zaman kansa wanda wasu fitattun ’yan wasa mata uku, Keiko Kishi da Yoshiko Kuga da Ineko Arima, suka kafa a 1954, kamfanin Toho kuma shi ya rarraba fim ɗin. Da yake babu situdiyon da zai ɗauki girman wuraren da Kobayashi ke so, sai aka gina kusan komai a cikin wata katafariyar rumfar ajiye jiragen sama, tun daga daji da ƙauye har zuwa tekun da aka yi yaƙi a kansa, sararin samaniya ma zana shi aka yi da fenti a jikin bango.

Labari na farko, “Baƙin Gashi”, na wani samurai ne matalauci a Kyoto da ya saki matarsa mai saƙa ya auri ’yar masu hali domin ya sami muƙami, nadama ta dawo da shi bayan shekaru, ya tarar da ita yadda ya bar ta, ya kwana tare da ita, gari ya waye ya ga gawa ce mai dogon gashi a gefensa. Na biyu, “Matar Dusar Ƙanƙara”, wanda Tatsuya Nakadai da Keiko Kishi suka fito a cikinsa, na wani saurayi ne mai saran itace da wata aljana ta bari da rai a daren da ta kashe maigidansa, bisa sharaɗin kada ya taɓa faɗa wa kowa, daga baya ya auri wata baƙuwa suka haifi ’ya’ya, wata rana da dare yana cikin yi mata takalma sai ya ba ta labarin, ashe ita ce. Na uku, wanda ya fi kowanne tsawo, shi ne “Hoichi Marar Kunne”, labarin wani makaho mai kaɗa biwa, wato abin kiɗa mai tsirkiya dangin molo, wanda fatalwowin zuriyar Heike suke kira kowane dare ya rera musu labarin halakarsu a yaƙin Dan-no-ura na 1185. Da malaman haikalin da yake zaune suka gano, sai suka rubuce jikinsa kaf da nassin addinin Buddha domin ya ɓace wa fatalwar da ke zuwa ɗaukarsa, amma suka manta da kunnuwansa. Na huɗu, “A Cikin Kofin Shayi”, gajere ne, na wani mai gadin sarki da ya ga fuskar wani baƙo cikin shayinsa ya shanye duk da haka, labarin kuma ya yanke ba tare da ya kai ƙarshe ba.

A gida Japan masu sharhi sun karɓi fim ɗin da mutunci. Mujallar Kinema Junpo, wadda jerin gwanayen finafinanta na shekara-shekara ya fi kowanne nauyi a ƙasar, ta sa shi na biyu a jerin 1964, bayan Woman in the Dunes na Hiroshi Teshigahara, kuma mai ɗaukar hoto Yoshio Miyajima da mai tsara wurare Shigemasa Toda sun sami lambobin yabo a kan aikinsu. Amma yabon masana bai biya bashi ba. An kashe sama da yen miliyan 300 a kan fim ɗin, kuɗin da ya sa shi cikin mafiya tsada da aka taɓa yi a ƙasar zuwa wannan lokaci, a daidai shekarun da talabijin ke kwashe ’yan kallo daga sinima, abin da aka samu a ƙofa bai mayar da jari ba, Ninjin Club kuwa ya durƙushe. Wannan asara ta shiga cikin yadda aka riƙa maganar fim ɗin a gida, domin da wuya a raba hukuncin fasaha da labarin kamfanin da ya karye, kuma ta ƙarfafa masu ganin cewa an zuba dukiya ne a kan ado.

A waje labarin ya ɗauki wata hanya. A Cannes ta 1965, inda ’yar wasa Olivia de Havilland ta shugabanci alƙalai, babbar lamba ta tafi ga fim ɗin Birtaniya The Knack na Richard Lester, Kwaidan kuma ya karɓi lambar musamman ta alƙalai, karo na biyu ke nan da Kobayashi ya same ta cikin shekara uku. Bayan haka ya shiga jerin finafinai biyar da suka yi takarar Oscar ta fim ɗin harshen waje, wadda The Shop on Main Street na ƙasar Chekoslobakiya ya lashe a 1966. Bosley Crowther, babban mai sharhi na jaridar New York Times a wancan zamani, ya yaba laushin fim ɗin da yadda launi da sauti suka haɗu a cikinsa, shekaru da yawa bayan haka kuma Roger Ebert, yana rubutu a kan Harakiri, ya lissafa Kwaidan cikin finafinai mafiya kyan gani da ya taɓa kalla. Kalmar da ta fi yawo a sharhin Turawa ita ce kyau, kuma yabo ne na gaskiya, amma yabo ne da ya tsaya a ido. Yawancin masu kallo a gidajen sinima na Amurka ba su ga “Matar Dusar Ƙanƙara” ba, kuma wannan shi ne labarin da ya fi kowanne taɓa zuciya, wanda a cikinsa ake ganin gida da ’ya’ya da shekarun zaman lafiya kafin rabuwa. Idan aka cire shi, abin da ya rage labarai uku ne na maza da takubba da fada, masu sanyi da tsari, don haka ba abin mamaki ba ne a ce fim ɗin ya fi burge ido fiye da zuciya. Wani ɓangare na wannan hukunci almakashin mai rarrabawa ne ya rubuta shi.

Ba Kwaidan kaɗai ya sha wannan ba, kusan al’ada ce ga finafinan ban tsoro masu tarin labarai. Dead of Night, wanda kamfanin Ealing na Ingila ya fitar a 1945 kuma ake ɗaukarsa kakan wannan salo a Turance, an cire masa labarai biyu kafin a nuna shi a Amurka, abin da ya bar wasu fuskoki a ƙarshensa ba tare da mai kallo ya san daga ina suka fito ba. Black Sabbath na Mario Bava, fim ɗin Italiya na 1963 da Boris Karloff ya fito a ciki, kamfanin American International Pictures ya sauya masa jerin labarai, ya canza kiɗan, ya kuma juya ma’anar ɗaya daga cikinsu. Ko inda ba a yanke komai ba, sharhi yakan yi nasa yankan, domin har yau idan aka ambaci Dead of Night labarin ’yar tsana mai magana da Michael Redgrave ya fito a ciki ake nufi, kamar yadda Spirits of the Dead na 1968 ya zama a bakin mutane labarin Federico Fellini kawai, aka bar na Roger Vadim da Louis Malle a baya. A waɗannan finafinai biyu akwai uzuri, tunda daraktoci daban-daban ne suka yi labaran, kamar yadda aka yi a Juju Stories na Nijeriya, wanda C.J. Obasi da Abba Makama da Michael Omonua suka haɗu suka yi aka nuna a bikin Locarno a 2021. Kwaidan kuwa darakta ɗaya ne, marubuciya ɗaya, mai hoto ɗaya, mai kiɗa ɗaya, saboda haka uzurin auna shi gunduwa-gunduwa ya fi rauni ƙwarai.

Sukar da ta fi daɗewa tana bin fim ɗin ita ce yana tafiyar hawainiya kuma ba ya tsoratarwa. A zahiri akwai gaskiya a ciki, domin kyamarar Miyajima takan yi doguwar tafiya cikin kango ko daji ba tare da wani ya yi magana ba, labaran da Hearn ya rubuta a ’yan shafuka kuma an shimfiɗa su har wasu sun haura minti 40, babu jini mai yawa, babu abin da ke faɗowa kwatsam daga bayan ƙofa. Wanda ya zo neman firgita irin ta bugun zuciya zai fita da ƙorafi, musamman idan ya kwatanta shi da Onibaba na Kaneto Shindo, wanda ya fito a shekara ɗaya da shi, baƙi da fari, mai zafi da gumi da yunwa. Amma wannan suka ta ɗauka cewa tsoro iri ɗaya ne, kuma ta yi watsi da rabin fim ɗin da kunne ke karɓa. Toru Takemitsu, wanda ya tsara kiɗa da sauti, ya yi wani abu da ba a saba ba: a wurare da dama ya ɗauke sautin da ido ke jira, ya bar shiru, sannan ya sako wani sauti a inda ba a zata ba. A ƙarshen “Baƙin Gashi”, lokacin da samurai ke faɗuwa yana fasa ruɓaɓɓen katakon gidan, ƙarar tsagewar itace ba ta zuwa daidai da motsinsa, takan makara ko ta riga shi, ihunsa ma ba a ji, sai mai kallo ya ji kamar duniyar da ke gabansa ta goce daga mazauninta. Wannan tsoro ne da ke shiga jiki a hankali ya zauna, kuma yana bukatar lokacin da masu sukar suke kira jinkiri. Duk minti da aka rage domin fim ya yi sauri, daga wannan shirun aka rage shi.

Wata sukar ta fi wannan nauyi, ita ce cewa fim ɗin na baƙi ne. Tun da Rashomon na Akira Kurosawa ya ci babbar lambar Venice a 1951, Gate of Hell na Teinosuke Kinugasa kuma ya ci ta Cannes a 1954 da launukansa da tufafinsa na da, ake zargi a Japan cewa akwai finafinan da ake yi domin idon alƙalan Turai, masu nuna ƙasar a matsayin gidan tarihi mai ƙyalli. Kwaidan ya dace da wannan zargi ta fuskoki da dama, tunda labaransa ma ta hannun Bature suka biyo, kuma komai na cikinsa ƙirƙirarre ne a fili, har sararin sama a labari na biyu idanu ne aka zana masa suna kallon mai saran itace. Sai dai ƙirƙirar da ba ta ɓoye kanta ba ita ce hanyar da fasahar Japan ta daɗe tana bi, a wasan Noh, wanda yawancin labaransa na matattu ne da ke dawowa su faɗi abin da ya hana su kwanciya, da wasan Kabuki, da zanen da ake yi a doguwar takarda mai naɗewa, kuma wannan shi ne fannin da Kobayashi ya karanta a jami’a. Yaƙin Dan-no-ura a fim ɗin ana nuna shi ne ana sauyawa tsakanin zanen fenti da ’yan wasa a kan jiragen ruwa a ƙarƙashin jan sama, muryar mai rerawa da biwar Kinshi Tsuruta suna jan ragama, kuma babu wani sassauci da aka yi wa baƙon da bai san labarin Heike ba. Fim ɗin da aka yi domin a faranta wa baƙo ba zai tsare shi tsawon wannan lokaci yana sauraron waƙar makoki da wani tsohon harshe ba.

A nan ne kuma amsar tambayar farko take, wato ko Kobayashi ya bar tuhumar da aka san shi da ita. Masu sharhin da suka zo daga baya, ciki har da masanin finafinai Stephen Prince, wanda ya rubuta littafi guda a kan ayyukan Kobayashi, sun fi na farko ganin zaren da ya haɗa wannan fim da sauran. Samurai na labarin farko ya sayar da amanar gida domin muƙami, kuma a rubutun Hearn labarin ya ƙare ne da baƙin ciki kawai, hukuncin da gashin ya zartar a kansa ƙari ne da masu fim suka yi. A labarin Hoichi kuwa, fadar da ta mutu shekaru aru-aru ba ta daina aiko da soja ya tasa talaka makaho gaba ba, yana zuwa da sulke da tsawa, yana kiran sunansa kamar yadda ake kiran bara, kuma abin da fadar ke bukata shi ne a riƙa maimaita mata labarin faɗuwarta ana kuka. An nuna yadda mayaƙa da matan fada suka riƙa faɗawa teku ɗaya bayan ɗaya, har da yaro Sarki Antoku a hannun kakarsa. Wannan fim ya fito ne shekara 19 bayan ƙarshen yaƙin da aka tura miliyoyin Japanawa su mutu da sunan sarki, daga hannun mutumin da ya ga wannan yaƙi da idonsa, saboda haka yana da wuya a yarda cewa ado kawai yake yi. Su ma malaman da suka zo ceton Hoichi sakacinsu ne ya jawo masa rasa kunnuwa, kuma shi kaɗai ya biya. Wanda ya kalli labaran a jere zai ga cewa kowannensu yana magana ne a kan wani alkawari ko wata hidima da rayayye ke bin matacce ko matacce ke bin rayayye, da kuma wanda nauyin ke faɗawa kansa idan abin ya warware.

Labari na huɗu shi ne wanda aka fi yawan cewa ya fi rauni, kuma ba a rasa hujja ba, domin bayan girman labarin Hoichi yana zuwa kamar abin da bai kai ba, da ’yar barkwanci a faɗan mai gadi da baƙi uku da takobi ba ya kama su, sannan ya tsaya cak. Idan aka ɗauke shi shi kaɗai, lallai ba zai yi gogayya da sauran ba. Amma aikinsa a cikin jerin daban ne. Shi kaɗai ne aka sa wa marubuci a ciki, mutumin da ke zaune yana tambayar dalilin da ke sa wasu tsofaffin labarai su yanke a tsakiya, kuma abin da ya sami mai gadin daga ƙarshe ya tsallako ya sami marubucin. Labari na biyu ya nuna mutumin da ba da labari ya rusa masa gida, na uku ya nuna mawaƙin da gwanintarsa ta jawo masa matattu, na huɗu sai ya kai maganar ga mai riƙe da alƙalami, ya kuma miƙa wa mai kallo ragowar. A sigar Amurka, da aka cire na biyu, wannan hawa-hawa ya rasa matakinsa na farko, na huɗun kuma ya ƙara zama kamar rataye. Ana iya ci gaba da ganin cewa an ɗan gaggauta shi, wannan ra’ayi ne mai tushe, amma kiransa ragowa bai yi masa adalci ba.

Kobayashi ya rasu a 1996, bayan ya yi Samurai Rebellion a 1967 da dogon fim ɗin tarihi a kan shari’ar manyan masu laifin yaƙi ta Tokyo a 1983, a lokacin da samun kuɗin yin irin finafinansa ya riga ya yi wuya. Bayan rasuwarsa da shekara biyu Ringu na Hideo Nakata ya fito, Ju-on na Takashi Shimizu ya biyo baya, fatalwar mace mai dogon baƙin gashi ta zama abin da duniya ta san Japan da shi, sai sabbin ’yan kallo suka koma neman asalin abin suka ci karo da Kwaidan. Wannan ya faɗaɗa sunansa, ya kuma sabunta tsohon ƙorafin, tunda da yawa sun zo ne da ma’aunin Ringu. Faifan da kamfanin Criterion ya fitar a Amurka a 2000 sigar minti 161 ce, cikakkiyar sigar kuwa ta isa Birtaniya ta hannun kamfanin Eureka a 2006, sai a 2015 Criterion ya fitar da ita a gyare da dukkan mintinta 183. Daga nan sharhin ya fara sauya salo, aka fi maganar sauti da tsarin labaran da alaƙarsu da rayuwar daraktan.

Duk da haka cikar fim ɗin a faifai ba ta tabbatar da cewa ana kallonsa a cike ba. Faifai da manhajojin kallo ta intanet suna ba mutum damar tsallakawa kai tsaye zuwa labarin da ya ji an fi yabo, hotunan da ke yawo kuma kusan kullum fuskar Katsuo Nakamura ce, wanda ya fito a matsayin Hoichi, a rubuce da baƙin tawada, har ya zama da yawa sun san Hoichi ba su san mai saran itace ba. Awa uku a zaune abu ne mai nauyi ga mai kallon yau, kuma babu laifi ga wanda ya raba kallon dare biyu, amma mai sharhin da zai ce labari kaza ya fi labari kaza ya kamata ya fara bayyana wace siga ya kalla, kuma ko ya kalli labaran huɗu a jerin da Kobayashi da Mizuki suka ajiye su.